Allurar Cika Fuska: Wadda Ake Iya Warwarewa da Wadda Ba a Iyawa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, ƙasar Chadi ta daɗe da yin suna wajen gyaran jiki. Daga Kano har Maraɗi, idan ana zancen dilka da halawa da turaren wuta da shebe na gashi, sai an ambaci matan Njamena. Amma dukkan waɗannan a bayan fata suke tsayawa, wanda bai karɓi mutum ba sai ya wanke ya huta. Yanzu kuwa wani sabon abu ya shigo mana ta wayoyin hannu. A TikTok da Facebook da WhatsApp ana ta nuna hoton fuska kafin allura da bayan allura, kumatun da suka lotsa sun ciko, ramin ƙarƙashin ido ya ɓace. Masu zuwa Masar da Dubai da Turkiyya da Tunisiya, don neman magani ko fatauci, su ma suna dawowa da labarin. Ta haka maganar ta iso zaurukanmu na Sabangali da sauran unguwannin bakin kogin Shari, har ana tambaya: wace allura ce ta fi?

Alluran da ake magana a kansu iri biyu ne. Akwai wadda ake kira fila, mai cika wuri nan take. Akwai kuma wadda ke sa jiki ya tsirar da kolajin da kansa a hankali. Masu talla sun fi son a tambaye su wadda ta fi daɗewa. Mu kuwa muna ganin akwai tambayoyi biyu da suka riga wannan: me ya sa fuskar ta faɗa tun farko, sa'annan idan aka sami matsala, wace ce ake iya cirewa? A kan waɗannan za mu gina bayaninmu, sannan mu kawo abin da malamai suka faɗa.

Me ke sa fuska ta faɗa?

Fuska hawa-hawa take: fata a sama, kitse a ƙarƙashinta, sai tsoka, sai ƙashi. Kitsen fuska a rarrabe yake cikin 'yan ɗakuna, kamar yadda likitoci biyu na Amurka, Rohrich da Pessa, suka bayyana a shekarar 2007, kuma kowane ɗaki da irin saurin da yake raguwa. Shi ya sa za ka ga tsakiyar kunci da gefen goshi sun lotsa alhali ƙarƙashin haɓa ya cika. Ita kuma fata, abin da ke riƙe da ita shi ne kolajin, wani furotin mai kama da zaren saƙa. Bayan mutum ya girma, kolajin fatarsa yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Ƙashin fuska shi ma yana ja da baya da shekaru, musamman muƙamuƙi idan haƙora suka zube. Wannan shi ne tsufa, kuma duk wanda Allah Ya ja kwanansa sai ya same shi.

Sai dai ba kowace ramar fuska ce tsufa ba. Tarin fuka yana ramar da mutum, haka ciwon suga da ba a kula da shi ba, da ciwon daji, da ciwon maƙoƙo mai ƙona abinci da sauri, da doguwar damuwa mai hana ci da barci. Sababbin alluran rage ƙiba irin su Ozempic su ma suna zabge kumatu. Wanda fuskarsa ta zube cikin 'yan watanni ba tare da ya san dalili ba, hanyar asibiti ya kamata ya kama, kamar Babban Asibitin Ƙasa ko Asibitin Renaissance a nan Njamena, a auna jininsa, a duba ƙirjinsa. Cika kuncin mai tarin fuka da allura daidai yake da shafe tsagar bango da farar ƙasa alhali tushe na zaizayewa. Wanda kuma haƙoransa na gefe suka fita, sau da yawa haƙoran roba kawai za su mayar masa da kumatunsa. Inda kuwa cuta ta ci nama da ƙashi, kamar cutar noma mai zaizaye bakin yara, wannan aikin tiyata ne, irin wanda ake yi a asibitin masu wannan cuta da ke Sakkwato tun 1999.

Darasin ƙwayar stavudine

Domin mu gane cewa wannan magana ta wuce kwalliyar masu kuɗi, bari mu tuna wani abu da ya faru a yankinmu. A shekarar 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya fito da ƙwayar Triomune, wadda ta haɗa magungunan cutar ƙanjamau guda uku a ƙwaya ɗaya, a kan farashin da bai kai dalar Amurka ɗaya a rana ba. Wannan haɗin ya ceci rayukan mutane masu ɗimbin yawa a Afirka. Da irinsa ne Najeriya ta fara shirinta na ƙasa a 2002 a cibiyoyi 25. To amma ɗaya daga cikin magungunan uku, mai suna stavudine, yana lalata ƙwayoyin kitsen da ke ƙarƙashin fata. Mutum ya samu sauƙi, ƙarfinsa ya dawo, yana cin abinci, amma kumatunsa sun rufta, jijiyoyin hannu da ƙafa sun fito. Ciwon da yake sirri tsakaninsa da likitansa sai fuskarsa ta riƙa tona shi a kasuwa da masallaci. Wasu har daina shan magani suka yi saboda haka. A ƙarshen 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a janye stavudine a hankali, kuma yau an koma ga magungunan da ba su da wannan illa. Sai dai kitsen da ya tafi ba ya dawowa duka, kuma har yanzu akwai bayin Allah da ke ɗauke da wannan alama.

Saboda irin waɗannan marasa lafiya ne aka fara amincewa da allurar tsirar da kolajin a Amurka. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, ta amince da Sculptra a 2004 domin masu ƙanjamau da kitsen fuskarsu ya zube, kuma sai a 2009 ta yarda a yi amfani da ita don kwalliya. Radiesse ma an amince da ita don wannan lalura a 2006. Ke nan a Amurka asalin abin magani ne.

A nan muna jan kunnen junanmu: ramar fuska ba shaidar kowace cuta ba ce, kuma munana zato ga ɗan uwa saboda kamanninsa zunubi ne da muke ɗauka a banza.

Fila: yadda take aiki

Mafi yawan filar da ake amfani da ita yau an yi ta ne da sinadarin hayaluronik asid, wanda za ku ga an rubuta acide hyaluronique a kwalayen da suka fito daga ƙasashen Faransanci. Wannan sinadari yana cikin jikinmu tun asali, a fata da gaɓoɓi da ruwan ido. Karl Meyer da John Palmer ne suka gano shi a 1934 a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, daga ruwan idon saniya. Aikinsa riƙe ruwa. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 15, kuma jiki yana narkar da kusan sulusinsa ya sabunta a kowace rana. Don kada wanda aka yi allurarsa ya narke cikin kwana biyu, kamfanoni suna ɗaure zarurrukansa da juna har ya zama kamar kakkauran koko mai sheƙi. Daga cikin sanannun sunaye akwai Restylane, wadda aka amince da ita a Amurka a 2003, da Juvéderm a 2006, da Juvéderm Voluma da aka yi musamman don kumatu a 2013.

Ana ganin aikin fila tun mutum bai tashi daga kujera ba, ko da yake sai kumburin ya saɓe bayan kamar mako biyu ake sanin ainihin kamanninta. Tana ɗaukar wata 6 zuwa 18, masu kauri na kumatu kuma suna iya kaiwa shekara biyu. Hotunan na'urar asibiti sun nuna cewa a wasu mutane ragowarta kan zauna fiye da haka, don haka mai ƙara allura a kai a kai yana iya tara abin da zai kumbura masa fuska.

Babbar falalarta ita ce tana da makari. Akwai wata allura mai suna hayaluronides da ke narkar da ita cikin sa'o'i zuwa kwana ɗaya ko biyu. Idan an zuba da yawa, ko ta karkace, ko ta toshe jijiyar jini, akwai abin yi.

Allurar tsirar da kolajin: yadda take aiki

Wannan kuma dabararta daban. Sculptra gari ce ta sinadarin polilaktik asid, dangin abin da ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da shi. Ana dama ta da tsabtataccen ruwan allura, a zuba a ƙarƙashin fata. Ranar farko fuska za ta ciko, amma ruwa ne kawai, bayan 'yan kwanaki jiki zai shanye shi, mutum ya koma yadda yake. Wanda ba a yi wa bayani ba sai ya zaci an cuce shi. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, jiki yana ɗaukar 'yan ƙwayoyin garin nan a matsayin baƙi, sai ya kewaye su da sabon kolajin. A hankali garin ya narke, kolajin ya zauna. Ana fara ganin canji bayan kamar mako shida, ya ci gaba har watanni. Yawanci ana yin zama uku, tsakanin kowanne mako huɗu zuwa shida, kuma ana umartar mutum ya riƙa murza wurin na minti biyar, sau biyar a rana, har kwana biyar. Sakamakon yana kaiwa kimanin shekara biyu.

Radiesse tana tsaka-tsaki. Kashi 30 cikin 100 nata ƙananan ƙwayoyi ne na wani ma'adinin kalsiyam irin wanda ke cikin ƙashi da haƙori, sauran kashi 70 kuma wani abu ne mai yauƙi da ke ɗauke da su. Tana cika wuri nan take, sannan ta sa kolajin ya tsiro, tana kuma ɗaukar shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tana fitowa a hoton asibiti, don haka wanda aka yi wa ya riƙa gaya wa likita kafin a ɗauke shi hoton kai. Akwai kuma Ellansé, wadda ake samu a Turai da ƙasashen Larabawa, ita ma ta wannan gida ce.

Dukkan ukun nan ba su da makari. Abin da ya shiga ya shiga, sai dai a jira jiki ya cinye shi. A wani bincike da aka yi a Faris aka wallafa a 2003, a kan masu ƙanjamau 50 da aka yi wa polilaktik asid, fatarsu ta yi kauri sosai, amma kusan rabinsu sun riƙa jin 'yan ƙulle-ƙulle a ƙarƙashin fata idan sun taɓa. Daga baya likitoci suka koyi ƙara ruwan damawa da zurfafa allurar, matsalar ta ragu, amma ba ta ƙare ba. Ƙullin da ya ƙi tafiya, wani sai an yi masa allurar rage kumburi, wani sai an tsaga an cire.

Mu kwatanta su

Misalin fila kamar matashin kai ne da ya kwanta, aka farke shi aka ƙara masa auduga: nan take ya tashi, in ta yi yawa a zare. Misalin mai tsirar da kolajin kuwa kamar taki ne da aka zuba a gona: sai an jira, yabanyar ta manomi ce da ƙasarsa, kuma ba mai iya tsince takin bayan ya gauraya.

Daga nan za a gane wurin da kowace ta fi dacewa. Idan wuri ɗaya ne ƙarami ya lotsa, kamar tabon rauni ko gefen kunci ɗaya, fila ta fi saiti, domin likita yana ganin abin da yake yi. Idan kuma fuskar ce gaba ɗaya ta zube, kumatu da gefen goshi, kamar masu lalurar stavudine, fila za ta ci kuɗi ƙwarai. Sirinji ɗaya mililita ɗaya ne kacal, wato kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi, kuma irin wannan fuska tana buƙatar sirinji da yawa, a kuma maimaita. A nan mai tsirar da kolajin ta fi amfani. Sai dai ba a yin Sculptra ko Radiesse a leɓe, kuma ana nisantar fatar da ke kewaye da ido, saboda nan ne ƙulli ya fi fitowa.

Akwai kuma lissafin tafiya. Wanda ya je Alƙahira ko Istanbul na mako biyu ba zai iya kammala zama uku na Sculptra ba, kuma ƙullin da zai fito bayan wata shida a Njamena zai same shi, nesa da wanda ya yi masa aikin. Shekarun mutum ma abin dubawa ne, domin jikin dattijo ba ya tsirar da kolajin kamar na mai shekara arba'in.

Hanya ta uku ita ce a ɗebi kitsen mutum daga cikinsa ko cinyarsa a mayar a fuska, amma wannan ƙaramar tiyata ce, kuma wani ɓangaren kitsen yana narkewa. Ita kuwa Botox da ake yawan haɗa sunanta da waɗannan, ba ta cika komai, tsoka take sassautawa.

Haɗarin da masu talla ba sa faɗa

Kumburi da ɗan taruwar jini na 'yan kwanaki abu ne da aka saba. Babban abin tsoro shi ne allura ta faɗa cikin jijiyar jini. Idan ta toshe ta, fatar da jijiyar ke shayarwa sai ta mutu ta zama gyambo. Mafi muni, wasu jijiyoyin goshi da hanci suna haɗe da jijiyar da ke kai jini ga ido. Wani nazari da aka wallafa a 2015 ya tattaro mutum 98 da ganinsu ya taɓu ta wannan hanya, kuma wuraren da suka fi haɗari su ne tsakanin gira da kan hanci. Mafi yawan wanda ya makance ta haka ba ya sake gani. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido, to ga shi nan a zahiri. A shekarar ce kuma FDA ta fitar da gargaɗi a kan haka.

Alamomin toshewa su ne zafi mai tsanani da ya wuce na allura, fata ta yi fari ko toka-toka, daga baya ta yi dabbare-dabbare, ko gani ya dushe. A baƙar fata irin tamu, canjin launin yana da wuyar ganewa, kuma maganin kashe zafi da ake haɗawa cikin fila yana iya ɓoye ciwon na ɗan lokaci. Wannan gaggawa ce ta mintuna da sa'o'i. Da filar hayaluronik asid, likita zai yi ta zuba makarin har jini ya dawo. Da sauran kuwa, hannunsa a ɗaure yake. Shi ya sa muke cewa a garin da ƙwararrun likitocin fata da na ido ba su da yawa, samun makari ya fi daɗewar allura muhimmanci.

Akwai wasu abubuwa huɗu da suka shafe mu musamman. Na farko, tabo mai tudu da ke ci gaba da girma, wanda ya yawaita a baƙar fata. Wanda hujin kunne ko shaushawa ko kaciya ta bar masa irin wannan tabo, takardar Sculptra da kanta ta hana a yi masa. Na biyu, man bilicin. Yawancinsu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke sirantar da fata, ya rage kolajin, ya hana rauni warkewa da wuri. Mai shafa shi tana rushe abin da take biyan kuɗi a gina mata. Na uku, zafin gari. Yawancin fila ana so a ajiye su a ƙasa da digiri 25, alhali a watan Afrilu zafin Njamena yana haura 40. Kwalin da ya kwana a jakar matafiyi ko ya yini a rumfar kasuwa ba abin amincewa ba ne, ko da na gaskiya ne, balle jabu. Na huɗu, masu yi a gida. Gwanar kitso ko lalle, komai iyawarta, ba ta karanci hanyoyin jinin fuska ba. A Faransa likita ne ke yin wannan allura, kuma tun 2024 aka taƙaita sayar da ita ga kowa da kowa. Ingila ta haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 tun 2021. A 2017 FDA ta yi gargaɗi a kan allurar ruwan silikon, wadda ba ta narkewa har abada, a 2021 kuma a kan wani alƙalami da ke harba fila ba tare da allura ba.

Kada kuma wani ya ce bari ya bi hanya mai sauƙi ta ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Galibinsu suna ɗauke da deksametazon. Fuska za ta yi zagaye, amma tare da hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi da saurin kamuwa da cuta. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne, ya je likita ya rage masa a hankali.

Me malamai suka ce?

Malamai sun bambanta tsakanin cire aibi da ƙarin ƙawa. Daga cikin hujjojinsu akwai labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad (RA), wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin Jahiliyya. Ya sanya hancin azurfa sai ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sanya na zinare, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. Wannan ya nuna cewa mayar da gaɓa yadda take bayan lalura ya halatta.

Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, wadda Chadi da Nijar da Najeriya duk suna cikinta, ta zauna a kan aikin gyaran jiki a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya, a watan Yulin 2007, ta fitar da ƙuduri mai lamba 173. Ta halatta gyaran aibin da aka haifi mutum da shi, da wanda ƙuna ko haɗari ko cuta suka jawo, da munin da ke cutar da mutum a jikinsa ko a ransa. Ta hana canja halittar da take lafiya lau don son zuciya ko kwaikwayon wasu ko yaudara. Game da tamojin tsufa kuwa, ta ce ba a cire shi da tiyata ko allura sai in ya zama lalura ta rashin lafiya, kuma an aminta daga cutarwa. Ta kuma gindaya sharuɗɗa: a samu ƙwararren likita, ya bayyana wa mara lafiya haɗarin da ke ciki, mara lafiya ya yarda, cutarwar kada ta rinjayi amfanin, kuma a kiyaye hukuncin al'aura da keɓancewa.

A bisa wannan, wanda stavudine ko haɗarin mota ko doguwar jinya ta ruftar wa fuska yana cikin masu neman magani, babu abin kunya a kansa. Mai son kumatun wata 'yar fim kuwa hukuncinta daban. Akwai malaman zamani da suka sassauta a kan filar da ke narkewa, suna kwatanta ta da adon mace ga mijinta in babu cutarwa, don haka kowa ya kai halin da yake ciki gaban malamin da ya amince da iliminsa, ya faɗi gaskiya. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne haramcin ɓoye shekaru ko lalura don a yaudari mai neman aure.

Game da tsarkin abin da ake zubawa, a da ana ciro hayaluronik asid daga zankon zakara, yanzu kuwa mafi yawansa ƙananan halittun bakteriya ake sa su samar da shi. Polilaktik asid da ma'adinin Radiesse haɗin masana'anta ne. Amma an taɓa sayar da wata fila mai suna Evolence da aka yi da kolajin alade kafin a daina ta a 2009, Bellafill kuma tana ɗauke da kolajin saniya tare da ƙwayoyin roba da ba sa narkewa. Don haka karanta kwali wajibi ne. Ta fuskar azumi, majalisar da muka ambata ta yanke tun 1997 cewa allurar magani a fata ko tsoka ba ta karya azumi in ba ta abinci ba ce. Kuma tun da abin a ƙarƙashin fata yake, ba ya hana ruwan alwala isa.

Kafin a miƙa kunci

Wanda lalura ta kai shi, kuma ya yanke shawarar yi, ga abin da muke ba shi shawara ya tambaya:

1. Shin mai yin aikin likita ne mai rajista? A Chadi ana tabbatarwa a Ordre National des Médecins du Tchad, a Najeriya kuma a hukumar MDCN.
2. Mene ne sunan abin da za a zuba? A buɗe kwalin a gabanka, ka ga ranar lalacewarsa, ka ajiye lambar da kamfani ya buga a jikinsa.
3. Akwai hayaluronides a ɗakin yanzu? In babu, tashi ka tafi.
4. Idan matsala ta taso da dare, wa za a kira, kuma wane asibiti za a nufa?
5. Nawa ne kuɗin aikin gaba ɗaya, har da zama na biyu da na uku da sabuntawa bayan shekara?

Shi ma mara lafiya ya faɗi nasa: ko tana da juna biyu ko tana shayarwa, ko yana shan maganin tsinka jini, ko akwai ƙurji a fuska ko ciwon haƙori, ko an taɓa zuba masa wani abu a da. Mai ciki da mai shayarwa su dakata, mai ƙurji ya bari ya warke.

A taƙaice, wanda bai taɓa yi ba, ko wanda ba ya kusa da likitansa, ya fara da kaɗan daga wadda ake iya narkarwa. Wadda ke tsirar da kolajin a bar ta ga mai babbar rama da aka san dalilinta, wanda ba ya yin tabo mai tudu, kuma yake da ƙwararren likita da zai riƙa komawa wurinsa. Wanda bai samu ɗayan waɗannan ba, to da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kuɗin ya fi amfani a abinci mai gina jiki, da gyaran haƙori, da kariya daga rana, da barin taba da bilicin.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa mu dace. Wallahu a'alam.